Fim ɗin da Na Ɗinka wa Yaya

Ni tela ce, kuma tun ina koyo aka san ni da hali ɗaya: ba na iya ganin karkataccen ɗinki in ƙyale. Ko a jikin baƙuwa na gan shi a cikin mota, sai hannuna ya yi ta ƙaiƙayi har mu rabu. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san irin ƙanwar da Yaya ya ɗauka ta zama idonsa.

Yaya ya girme ni da shekara tara, kuma mai walda ne. Shi ya fara nuna mini Rijiya. Sunan fim ɗin na asali da wani harshe ne da ba ma ji, baki kan harɗe wajen faɗarsa, don haka duk masu kallonsa a wajenmu Rijiya suke cewa. Ina shekara goma sha ɗaya ya shigo da kaset ɗin a ɓoye cikin riga, ya ja labule da rana tsaka, ya ce in na kuskura na yi kuka Mama ta ji, ba zai sake nuna mini komai ba. Ban yi kuka ba. Amma na yi wata uku ba na buɗe famfo sai da wani a kusa.

Labarin ba shi da yawa. Ma'aikata takwas aka kai wata duniya mai nisa, busasshiya, su haƙa rijiya su nemo ruwa. Da suka kai wani zurfi, sai bututun ya fara ƙwanƙwasawa daga ƙasa: biyu a jere, shiru, sannan ɗaya. Duk wanda ya ɗauki sifana, ƙarfen kwance noti, ya buga bututun ya amsa, washegari ba a ganinsa, sai takalmansa a bakin rijiyar, an jera su tsaf. Har fim ya ƙare ba a nuna abin da ke ƙwanƙwasawar ba, ko inuwarsa. A ƙarshe wani tsoho mai walda, wanda tun farko ba wanda ya kula shi, ya tura mutum biyun da suka rage waje, ya ja ƙofar ɗakin famfo, ya liƙe ta da walda daga ciki. Abu na ƙarshe da ake gani shi ne tartsatsi yana bin bakin ƙofar har ƙasa, sai duhu, sai ƙwanƙwasa.

Yaya ya mayar da wannan wurin baya ya fi a ƙirga. Yakan tsayar da kaset ya nuna mini yadda tsohon ya riƙe bakin wutar, ya ce duk wanda ya shirya fim ɗin nan ya taɓa zama a gareji, domin ba haka 'yan wasa suke riƙewa ba. Daga nan muka samu sallamarmu. In ya zo ƙofata ba ya kiran sunana, sai ya ƙwanƙwasa biyu, ya yi shiru, ya ƙara ɗaya. Ni kuma in ce daga ciki ba zan amsa ba, ina son takalmana. Har na yi aure, har auren ya mutu, har na buɗe shago, ba mu daina wannan shirmen ba.

Kashi na biyu na fim ɗin ya fito ina tsakiyar koyon ɗinki, kuma ya yi kyau, ko da yake bai kai na farko ba. Kafin na uku ya fito idon Yaya ya tafi. Mutane suka ce walda ce, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Gani ya riƙa rufewa daga gefe-gefe, kamar ana tsuke bakin jaka. A shekarar ce matarsa ta haihu, bayan dogon jira. Da aka miƙa masa jaririyar ya kai ta kusa da taga, ya yi ta juya kansa yana neman ɗan ramin hasken da ya rage masa, daga baya ya miƙo mini ita ya ce in gaya masa.

Matar Yaya ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar kirki, amma in ka tambaye ta yadda abu yake, amsarta ɗaya ce: lafiya lau. Riga lafiya lau, gari lafiya lau, jaririya lafiya lau. Ni kuwa bakina ba ya gajiya, saboda haka aikin ya faɗo kaina. Ni nake gaya masa wane ya yi ƙiba, wane ya yi furfura, wane gini aka rushe a bakin titi, wane launi aka shafa wa ƙofar maƙwabta. Ni nake karanta masa takardun asibiti. Kuma ni na gaya masa, lokacin da yarinyar ta fara tafiya, cewa Mama ce ta dawo. Goshin nan mai faɗi, wushiryar nan, har yadda take karkata kai in ana yi mata faɗa. Mama ta rasu shekara biyu kafin a haife ta. Ranar da na faɗa masa haka ya sa na sake faɗa, a hankali, tun daga goshi.

Da na uku ya fito muka kafa tsarinmu. Ranar Asabar bayan abincin rana nakan rufe shago in zo. Ya zauna a kujerarsa ta ƙarfe, wadda shi ya ƙera ta, ni a gefen hagunsa da rimot. Sai ya ce a ja labule. Matarsa ta taɓa tambayarsa labule na me, ya ce ba a kallon Rijiya da haske, ko da kunne ake kallo. Ina karanta masa fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, ina gaya masa abin da ido yake gani.

Na ukun nan na faɗa masa shi yadda yake, ban rage ba, ban ƙara ba. An cika shi da sojoji da bindigogi, ana ta harbin bututu kamar bututu ne ya yi laifi. Yaya ya buga ƙafa ya ce waɗannan mutanen ba su san abin da ke hannunsu ba. Na ce ai jarumar ma gashinta ko motsi bai yi ba, wata shida a ƙarƙashin ƙasa. Muka shafe wata guda muna zagin fim ɗin, ya kira ni a waya don kawai ya tuna wata sabuwar wauta, ni ma in kira shi. Ban taɓa jin daɗin zagin wani abu kamar wannan ba, kuma a lokacin ban lura da hakan ba.

Na huɗu ya zo a mummunar shekara. Yaya ya daɗe yana riƙe da garejin da sunan abokin aikinsa yana kula masa, har ranar da ya yarda cewa ba zai koma ba. Ya ba da injin, ya ba da gilashin waldarsa, ya miƙa makulli. Daga nan ya shiga ɗaki. Ba ya aski, ba ya amsa waya, abinci sai ya taɓa ya ture. Matarsa ta same ni a shago ta zauna a kan tarin yadi, karo na farko da ba ta ce lafiya lau ba. A cikin makonnin nan tambaya ɗaya kawai ya yi mini da ta nuna akwai sauran abin da yake jira a duniya.

“Auta, na huɗu ya fito?”

Ya fito. Na ce bari in fara kallo ni kaɗai a shago don in san wuraren da zan yi bayani. Na jingina waya da keken ɗinki, ina kalmasa bakin wani siket ina leƙawa. A minti na ashirin suka nuna shi. Shekara ashirin da wani abu ina tsoron abin nan, ina zana shi a raina ina sharewa, sai ga shi ya fito daga rijiya gaba ɗayansa, cikin haske, kore-kore, da ƙattin idanu da kumatu, kamar kwaɗon da aka hura da famfon keke. Yana da yatsu, kuma da su yake ƙwanƙwasa bututun, kamar mai neman a buɗe masa banɗaki. Na ajiye siket ɗin. Ba dariya na yi ba, baƙin ciki ne ya kama ni, irin na wanda aka shiga ɗakinsa aka taɓa masa kaya.

Ranar Asabar na je da niyyar faɗar gaskiya, Allah ya sani. Na tarar ya yi wanka, ya sa riga mai tsabta, ya zauna a kujerar ƙarfen tun kafin in iso. Gemunsa ya cika fuska, wuyan rigar ya yi masa yawa. Na ja labule. Da muka kai minti na ashirin kiɗa ya tashi, matar da ke cikin fim ta ja numfashi, Yaya ya matso har bakin kujera ya kama hannuna ya tambaye ni me ake nunawa.

“Duhu,” na ce. “Fuskarta kawai ake gani. Tana kallon wani abu a bayanmu.”

Ya saki hannuna a hankali ya koma ya jingina. Ya ce ai ya sani, masu fim ɗin sun dawo hayyacinsu. Ranar ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari, matarsa ta bi ni har bakin ƙofa tana godiya, ba ta san me take gode wa ba.

Ƙarya ɗaya ba ta isa fim na awa biyu ba, balle fina-finai uku. Sai abin ya zama mini sana'a ta biyu. In sabo ya fito nakan kalle shi sau biyu, sau uku, in ɗauki kwalin da nake yanka samfurin riga in rubuta a bayansa: minti kaza a tsallake, minti kaza a rage murya, minti kaza a ce kaza. Matsalar ita ce kunnen Yaya. Ido ne ba shi da shi, amma ko allura ta faɗi sai ya ce wani abu ya faɗi. Duk ƙarar da ta fito dole in samo mata dalili. Gurnanin dodon na ce injin famfo ne ya lalace. Akwai wani mutum-mutumi mai surutu da suka saka don ban dariya, a bayanina na kashe shi tun a minti goma na farko, sai ga muryarsa ta ci gaba har ƙarshe, dole na ce muryar da ya bari ce a cikin na'ura take ta maimaita kanta. Yaya ya ce wannan dabarar ta fi komai ban tsoro. Inda abin ya gagara gyara, sai in yi tari in danna gaba.

Na biyar ne ya fi yi mini ciwo. Suka dawo da tsoho mai walda. Wani ɗan wasa daban ne, mai gyararren gemu, yana riƙe bakin wuta kamar cokali. Suka ce wai a fim na farko bai liƙe kansa a ciki ba, akwai wata ƙaramar ƙofa ta baya da ya sulale ta nan, kuma shi ne ma tun farko yake jera takalman. Na kalli wannan a shago, wata mai kawo ɗinki tana tsaye tana jiran awo, na ji hawaye ya zubo mini don haushi. Ta ce lafiya, na ce zare ne ya shiga idona. Wa ya roƙe su? Mutumin ya mutu mutuwarsa mai kyau shekara da shekaru, suka tono shi don su mayar da shi ɓarawon takalma.

Abin da na gaya wa Yaya daban ne. Na ce sababbin ma'aikatan sun iso ƙofar ɗakin famfo, waldar tana nan ba ta tsage ba, ko tsatsa ba ta ci ta ba. Na ce da suka kasa kunne sai suka ji ƙwanƙwasa iri biyu: ta abin, daga ƙasa, da wata daga bayan ƙofar, ta sifana, tana amsa masa. Tsohon yana nan, yana ta amsawa don abin kada ya nemi wani. Yaya ya sunkuyar da kai, ya sa babban yatsa ya share gefen idonsa. Ya ce mutum yana iya zama a rufe cikin duhu kuma yana da amfani. Na ce haka ne.

Na shida ba ya ma faɗuwa. Dodon ya koyi magana, ya nemi gafara, ya zama abokin wata yarinya, suka haɗu suka yaƙi wani dodon da ya fi shi girma. Har waƙa aka yi. Tsofaffin masu kallo duk suka watse, kowa ya ce ya wanke hannunsa. Ni kaɗai na rage, na tsani fim ɗin kamar me, kuma ba na jin akwai wanda ya kalle shi sau da yawa kamar ni. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan zaga da shi. Mutum ɗaya ne a duniya zai gane zafin abin da suka yi, kuma shi ne nake zama kusa da shi ina cewa ya yi kyau.

Asirin ya daɗe ne saboda Yaya ba ya fita. Matarsa ba ta kallon fim ɗin tsoro, abokan gareji sun ja baya kamar yadda mutane suke yi, mai aski kuma gida yake zuwa. Shi mai askin na ja shi gefe tun tuni na roƙe shi kada ya ɗauko zancen Rijiya. Ya dube ni wani iri, amma ya yarda. Sai dai Yaya ya riƙa samun sauƙi. Ya koyi tafiya da sanda, ya fara zama a ƙofar gida, ya fara gyara wa maƙwabta makulli da lalube. Wata Laraba da safe ya ce ya gaji da askin ɗaki kamar majinyaci, in raka shi shagon aski.

Shagon ɗaki ɗaya ne mai madubi biyu, da fanka mai ƙara, da benci a ciki da wani a waje. Na zaunar da shi a kujera na fita na zauna a bencin waje, ƙofa a buɗe. Mutum huɗu ne a ciki, har da wani direba da ake kira Dogo, wanda muryarsa ta fi fankar ƙara. Suka yi murnar ganin Yaya, aka yi ta tsokanarsa cewa ya ƙara kyau tun da ya daina ganin fuskokinsu. Yana dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba. Kilifar aski ta fara aiki. Sai Dogo ya ce ya ga tallan Rijiya na bakwai a waya, kuma in ya sake ɓata lokacinsa a kan wannan shirmen a canza masa suna.

Na miƙe tsaye. Mai aski ya dube ni ta madubi, ya yi ƙoƙarin juya zancen zuwa ƙwallo, amma Yaya ya riga ya ɗaga hannu a dakata da askin. Ya ce Dogo bai san fim ba. Ya ce a nuna masa wani labari da aka yi kashi shida ana riƙe da mutunci irin wannan. Ya kawo zancen muryar da ke maimaita kanta, ya kawo zancen tsohon da yake amsawa daga bayan ƙofa, yana kwatantawa da yatsa a hannun kujera, biyu, shiru, ɗaya. Yana magana da ƙarfin zuciya, kamar da, lokacin da in ya yi magana a kan ƙarfe ba mai musa masa. Ya rufe da cewa babban abin da ya sa ya sara musu shi ne har yau ba su nuna abin ba.

Wani ya yi 'yar dariya yana zaton wasa ne, sauran suka kama. Dogo ya ce Yaya bai bar barkwanci ba, wane abu ne ba a nuna ba, abin da har a jikin jakar makarantar yara yake? Ya laluba aljihu ya ciro makullin motarsa. Akwai 'yar tsanar roba a rataye a jiki, 'yarsa ce ta maƙala masa. Ya ɓalle ta ya sa wa Yaya a tafin hannu ya ce ga mutumin naka nan.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon yatsun Yaya. Suka bi kan abin, suka tsaya a ƙattin idanun, suka sauko kumatu, suka bi bakin da aka yi shi yana murmushi. Suka ƙirga yatsun hannunsa. Ya matsa cikin, abin ya yi ƙara, ƙiii, irin ta wasan jarirai. Dariyar ta mutu da kanta, domin kowa ya ga fuskarsa. Ya tambayi Dogo, a hankali, tun daga na nawa. Dogo ya ce na huɗu. Ya tambaya tsoho mai walda fa. Dogo ya dubi mai aski, ya dube ni, amma ya riga ya fara, sai ya ƙarasa.

Yaya ya ce a gama masa askin. Ya zauna tsaf har aka gama, aka kakkaɓe masa wuya, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya. A hanya na miƙa masa gwiwar hannuna kamar kullum, bai kama ba. Ya bi jikin bango da sandarsa, ya yi karo da wani babur da aka ajiye, na ce akwai kwata a gaba, ya tsaya ya taɓa da sanda sai da ya tabbatar sannan ya tsallaka. Tafiyar minti goma ta ɗauke mu rabin awa.

Kwana uku ban je ba, ban kira ba. Na ɓata rigar wata amarya, na farke na sake. Na shirya jawabi iri-iri a raina, kuma a cikin kowanne ni ce mai gaskiya: ba ya cin abinci, ba ya fita, me ake so in yi? Ranar Asabar na rufe shago na tafi. Na ƙwanƙwasa ƙofarsa biyu, na yi shiru, na ƙara ɗaya. Ya ce a shigo, ƙofa a buɗe take.

Labule a ɗage yake, rana ta cika ɗakin. Yana kan kujerar ƙarfe, 'yar tsanar tana hannunsa. Matarsa tana wurin aiki, yarinyar tana tsakar gida tana wasa da ruwa a bokiti, ana jin muryarta. Na fara jawabina. Ya bar ni na kai ƙarshe, bai katse ni ba, kuma da na ji shi a fili sai ya yi mini kama da uzurin da nake ba masu ɗinki in ban gama ba.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce dariyar shagon aski ba ta dame shi ba, makaho ya saba. Ya ce ya sa Dogo ya ba shi labarin ukun duka a waya, kuma fina-finan banza ne, waɗanda na ƙirƙira masa sun fi su nesa ba kusa ba. Ya juya abin a hannunsa.

“Amma fim ɗina ne, Auta. Ni na kawo shi gidan nan a cikin riga. In sun lalata shi, ina da haƙƙin in ji haushi kamar kowa. Shekara bakwai kina jin haushin ke kaɗai, ni kuma kin zaunar da ni ina tafi.”

Na ce ya yi haƙuri. Na ce mu sake kallo tun daga na huɗu, in faɗa masa komai yadda yake, mu zage su tare har mu gaji. Har na fara ba shi misali da gemun sabon tsohon, ina neman ya yi dariya. Ya girgiza kai ya ce ba fim ɗin ne ya hana shi barci ba. Ya ce tun ranar Laraba yake bin abubuwan da na gaya masa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana ajiyewa, bai san wanne zai riƙe ba. Ya tambaye ni ko da gaske ƙofar maƙwabta shuɗiya ce. Na ce shuɗiya ce. Ya tambaya ko takardar likita ta ƙarshe abin da na karanta shi ne a rubuce. Na ce shi ne, matarsa ma ta gani. Ya ce zai tambaye ta.

A tsakar gida yarinyar ta kifar da bokitin, ta yi dariya. Ya juya kansa wajen taga ya saurara har ta yi shiru.

“Kin ce tana kama da Mama.”

“Tana kama, Yaya. Wallahi tana kama.”

A duk abin da na taɓa gaya masa babu gaskiyar da ta kai wannan. Daga inda nake zaune ina hango ta ta taga, ta karkata kai tana duban rigarta da ta jiƙe, goshin nan, wushiryar nan. Na buɗe baki zan fara masa tun daga goshi kamar yadda yake so, sai na ji yadda muryata za ta fito: a hankali, da daɗi, daidai yadda na gaya masa waldar ba ta tsage ba. Ba ni da wata muryar.

Ya ce, “To.”

Ya ajiye 'yar tsanar a hannun kujera, ya kira yarinyar. Ta shigo da gudu ƙafafunta a jiƙe. Ya sa ta tsaya a tsakanin gwiwoyinsa, ya ce ta rufe ido kada ta motsa, ya ɗora yatsunsa a goshinta ya fara lalubawa da kansa. Ya daɗe a wurin. Ya san fuskar Mama da ido ne, bai taɓa saninta da hannu ba.